Motar Baba Mai Bin Ruwa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni ce Hadiza, daga wajen Dogo.

Mahaifina mai gyaran mota ne. Duk damina tafki yakan raba mu da gidan likita, shi ya sa ya shekara uku yana haɗa tsohon injin ban-ruwa, ganguna huɗu da tayoyin amalanke, don ya yi motar da za ta bi tudu ta bi ruwa. Ana ta yi masa dariya, shi kuwa yakan ce, "Hadiza, ke zan fara ɗauka."

Ya rasu saura kwana biyu a gwada ta. Bayan sadakar bakwai muka tura ta tafkin, wallahi ta haye, ina ciki ina kuka.

Yanzu yayyena sun kira mai sayen tsohon ƙarfe za su sayar masa da ita. Jama'a, me zan ce musu?