An Yi Muhawarar Giya, Ni Aka Aika Shayi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Baban Zainab, mai sayar da takalma a Zhanxi, nan Guangzhou, wanda bokonsa ya tsaya a aji huɗu.

Kwanakin baya jami'ar su Zainab ta shirya muhawara, wai ko a rage shekarun da doka ta yarda mutum ya fara shan giya. Ƙuri'a ta jefa 'yata cikin masu cewa a rage. Na yi salati, ta ce, "Baba, gasa ce, ba fatawa ba."

Na gyara zama ina jiran ta nemi shawarata. Sai ta wuce ni ta shiga shagon maƙwabcina Alhaji Sule ɗan Kumasi, wai shi ke da Turanci. Kwana huɗu ina jiyo dariyarsu ta bango. Da na leƙa, ya ce, "Yawwa laoban," wato maigida da Sinanci, "taimaka mana da shayi." Na kuwa kawo.

Yarinya ta ci gasar, shi ta fara miƙa wa kofin. Ni aka ba waya in ɗauke su hoto.

Jama'a, ku ba ni shawara. Ni ko zoɓo ya yi tsami ba na sha, to ya halatta in yi kishi don ba a tambaye ni zancen giya ba? Ina gaida Alhaji Sule, amma sama-sama.