Kwanon Rumfar Makarantar Lahadi

A bencin jira na ƙofar kotu, wata tsohuwa ta juya ga matar da ke gefenta, wadda ko sunanta ba ta sani ba.

"'Yar nan, in ke ce, kya bar jikokinki su ci gaba da zuwa cocin da mai gidan hayarku yake dattijo?"

"Iya, ai wurin Allah suke zuwa, ba wurinsa ba. Me ya yi miki?"

"Ɗansa zai yi aure, yana son ɗakina. Na roƙi wata biyu. Ina kasuwa ya sa aka kware rufin, da tsakar damina, wai zai sa wa amarya sabo!"

"Wayyo! Kin gaya wa fasto?"

"Fasto? Shi ya tsaya gaban jama'a yana sa masa albarka, wai ya ba da kyautar kwano an rufe rumfar makarantar Lahadi. Yara suka tafa, har da nawa. Na ɗaga kai, sai ga facin kwaltar da na liƙa wa kwanon ɗakina da hannuna."

Matar ta riƙe haɓa. "Kai! To ki hana su zuwa mana."

Tsohuwa ta ja tsaki, ta gyara ɗaurin kallabi.

"In hana su? Za su je. Ko ba komai, ranar Lahadi sa zauna ƙarƙashin rufin ɗakinsu."