Saniyata Ma Maijego Ce

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa. Hajara ce mai wagashi, wato cukun nono, daga Tourou.

Kwana uku da haihuwar saniyata, hantsarta ta kumbura, tana harbin maraƙinta. Hankalina ya tashi, don ita kaɗai gare ni. Likitar dabbobi ta yi mata allura, ta ce, "Hajiya, lokacin haihuwa garkuwar jikinta raguwa take, sai cuta ta shiga nono. Ki share makwancinta, ki wanke hannu kafin tatsa."

Na bi maganarta. Jiya maraƙin ya sha ya ƙoshi, yana ta tsalle, ni ina ta dariya.

A gaishe da Yaya Ramatu a Djougou. Yaya, taki saniyar ta kusa haihuwa, ki fara shara tun yau.