Tikitin bas a shafi na ɗari biyu

A wani babban kantin littattafai mai rassa ko'ina a birnin Pune, tsoho Vasant Phadke ya tarar da wata budurwa rungume da littafin da yake zuwa karantawa kyauta kullum da rana.

"'Yata, saya za ki yi? Shi kaɗai ya rage fa."

"Saya zan yi, Kawu." Ta buɗe shi, sai ga tikitin bas da aka yi alamar shafi da shi ya faɗo. "Au, kai ne mai tikitin nan? Ni ma nan nake laɓewa in karanta lokacin hutun ofis. Sati biyu kana shafi na ɗari biyu, har na fara yi maka addu'a."

"Idona ne ke damuna."

"Wane ido? Da farko shafi talatin kake cinyewa a rana, da ƙyar na kamo ka."

Phadke ya sosa ƙeya. "To, saura shafi goma sha biyu. In na gama, me zan ce wa matata? Tun da na yi ritaya, ƙarfe biyu na yi take miƙo mini lema, wai in je in ƙarasa littafina. Ita ta samu barci, ni in sha sanyin kanti."

Budurwar ta yi dariya har mai gadi ya waiwayo. Ta laluba jerin littattafai, ta zaro wani ƙato mai shafi dubu, ta soka tikitin a shafin farko.

"Ungo, Kawu, in ka bi wannan a hankali zai kai ka baɗi. Ka ce da Inna ta yi barcinta lafiya."