Muryar Baba tana cikin kwamfutar

Assalamu alaikum ya ustaz, barka da aiki. Sunana Sa'adiyya, daga nan Gadarif ta ƙasar Sudan nake rubuto maka.

Da muka gudo daga Khartum, kwamfutata ta laftof kaɗai na iya ɗaukowa. A cikinta akwai muryar marigayi Babana, wadda na ɗauka yana ba mu labarin kakanninmu. Mutanen da suka sauke mu a gidansu kullum sai sun kawo filas ɗin da ake sokawa a kwamfuta in zuba musu wa'azi. Ta yaya zan hana wanda ya ba ni ɗaki?

Ina jin ta nan fairus, cutar kwamfuta, ya shigo mini. Yanzu barnamaj ɗin, wato manhajar da ke kashe fairus, ya ƙi buɗewa. In na danna, sai ya yi kamar zai tashi, ya ɓace. Na goge shi na sake sawa, shiru. Hotuna ma sun fara lalacewa. Mai gyara a kasuwa ya ce mini, "Halas, shi ke nan, 'yar'uwa, sai an wanke ta gaba ɗaya, a goge komai na ciki." Wai ko na kwashe muryar a filas, cutar za ta bi.

Ustaz da sauran jama'a, wanda ya san dabara ya taimake ni don Allah. Na naɗe kwamfutar a zani na ajiye. Ina kewar muryar Baba, amma tsoron kunnawa nake yi.