Babi Ukun Ƙarshe na Malam Tambaya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Mansur. Iyayenmu malamai da dattawa da suka taso daga Tsafe da Bungudu. Uwarmu Hajiya Zuwaira, uwargidan marigayi, tare da 'ya'yanta da jikokinta. 'Yan'uwana marubuta maza da mata. Jama'ar Gusau da kuka bar harkokinku kuka cika wannan zaure, ina yi muku barka da zuwa. Sunana Shafa'atu Usman Karakkai, sakatariyar ƙungiyarmu ta marubuta, kuma ɗaya daga cikin waɗanda Malam Tambaya Furfuri ya koya wa riƙe alƙalami.

Ina godiya da aka zaɓe ni in yi magana a ranar da muke tunawa da shi. An ce in yi yabo, kuma yabonsa ba ya da wuya. Amma ina neman izinin shugaba in faɗi wani abu da ya fi yabo nauyi a ƙirjina, domin wata huɗu ke nan ina ɗauke da shi.

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin Malam ya san Tsohuwa. Haka yake kiran kwamfutarsa, wata ƙatuwar aba mai ƙeya kamar tukunya, wadda fuskarta shuɗiya ce, haruffanta farare manya. Manhajar rubutun da ke cikinta ta girmi wasu daga cikin waɗanda ke zaune a nan. Ba hoto, ba ado, ba linzamin da ake ja da hannu. In zai adana, maɓalli biyu ne. In zai ɗauke sakin layi ya kai shi wani wuri, maɓalli uku. Mun yi masa dariya, kuma ni ce kan gaba. Na taɓa ce masa, "Malam, wannan ai gidan tarihi ya kamata a kai ta." Ya ce, "Awo, ɗiyata. In kin tashi kai ta, ki haɗa da ni, tare munka tsuhwa."

Me ya sa mutum mai ilimi irinsa ya ƙi sabon abu? Dalili uku ne. Biyu ya faɗa mana da bakinsa, na ukun kuwa sai da aka rufe shi muka sani.

Na farko, hannu. Ya ce shekara ashirin da biyar yatsunsa suna bin hanya ɗaya, har sun daina tambayarsa. Tunani zai taso daga zuciya ya sauka a shafi ba tare da ya tsaya neman ƙofa ba. Da zarar ya ɗage hannu daga kibod, wato allon maɓallan, don ya lalubi linzami, jimlar da ya riƙo ta tafi, kuma ba ta dawowa yadda ta zo.

Na biyu, shiru. Tsohuwa ba ta yi masa katsalandan. Ba ta ja masa jan layi a ƙarƙashin kowace kalmar Hausa kamar ya yi laifi, ba ta sauya masa abin da ya rubuta da abin da take zato, ba ta kawo masa saƙon kowa yana tsakiyar aiki. Ya ce mini, "Mi zan yi da abokin aiki da ba ya iya rufe baki?"

Mun ji waɗannan dalilai, muka ce rigimar tsufa ce. Shekara biyu da suka wuce, a wannan zauren da muke ciki, muka shirya bikin karrama shi. Ni na kawo shawarar mu haɗa hannu mu saya masa sabuwar laftof, siririya mai sheƙi. Ni na miƙa masa ita a gaban jama'a, aka yi tafi, aka ɗauki hoto. Kun san irin tarbiyyar iyayenmu: ba a mayar da kyauta, balle wadda aka bayar a bainar jama'a. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi mana addu'a har muryarsa ta yi rawa. Na ɗauka murna ce.

Ban tsaya nan ba. Mako na zagayowa na ɗauki Tajuddeen, wanda ya fi mu sanin na'ura, muka tafi Furfuri. Ya kwashe rubuce-rubucen Malam ya zuba a sabuwar. Ni kuma, saboda na san halinsa, na ce in aka bar Tsohuwa a ɗakin nan ba zai taɓa buɗe sabuwar ba. Muka ɗauke ta muka sa a mota. Malam yana tsaye a bakin ƙofa, bai hana mu ba. Abu ɗaya ya roƙa. Ya ce, "Ku bar mini kibod ɗin, don tunawa." Muka bar masa muna dariya. Tsohuwa muka ajiye ta a ɗakin ajiyar ƙungiya, damina ta zo, rufi ya yi yoyo, ba ta ƙara tashi ba.

A lokacin yana kan littafin da ya ce shi ne na ƙarshe, wanda ya yi shekara tara yana tattarawa: labarin gonaki da burtalolin da ke tsakanin Furfuri, Karakkai da 'Yankuzo, daga bakin tsofaffin manoma da makiyaya, yadda suka yi zaman tare, wa ya ba wa hanya, wa ya ba wa nono, a wace rijiya aka yi sulhu. Babi goma sha huɗu ya tsara, ya gama goma sha ɗaya. Ukun da suka rage hirarsa ce da wani dattijon makiyayi, Ardo Umar, wanda ya riga shi rasuwa. Malam ba ya ɗaukar murya, ba ya rubuta a takarda. A kansa yake riƙe magana har ya zauna gaban na'ura.

Yanzu ga dalili na uku. Idanun Malam sun daɗe suna mutuwa. Ba wanda ya sani sai Hajiya, ita ma ya sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba, don ba ya son a riƙa kama masa hannu. Da murya yake gane mu, shi ya sa yake riga kowa gaisuwa don ya ji an amsa, mu kuwa muna cewa Malam akwai fara'a. Waɗancan manyan fararen haruffa a kan shuɗi su ne abu na ƙarshe da yake iya hangowa, sauran aikin kuwa yatsu ke yi. Sabuwar da muka ba shi komai nata sai da ido: ƙaramar kibiya da za ka bi, ƙananan hotuna da za ka zaɓa. Mun ɗauke wa mutum abin da yake gani da shi, muka kira abin karramawa.

Duk lokacin da na kira na tambayi littafi, sai ya ce, "Ana nan ana yi." Kuma ba ƙarya ya yi ba. Hajiya ta shaida mini cewa kullum bayan ya dawo daga sallar asuba zai zauna a kujerarsa, ta kawo masa koko, ta bar shi tana jin ƙarar maɓallai har hantsi. Ana saura kwana biyu ya cika, ya kira ta ya ce, "Zuwaira, na gama." Ta yi hamdala, ta yi masa barka.

Bayan addu'ar bakwai ta aiko a kira ni, ta ce in zo in fitar da littafin a buga. Na buɗe laftof ɗin. Babi goma sha ɗaya na gani, yadda Tajuddeen ya zuba su, ba a ƙara ko harafi ɗaya ba. Na ce, "Hajiya, a kan me yake bugawa?" Ta shiga ta ɗauko mini tsohon kibod ɗin nan, wayarsa a naɗe a jikinsa, an ɗaure da kyauron roba. Bakin wayar ma ba ya shiga sabuwar na'urar. Ta ce ita ta zaci kayan zamani ba sa bukatar waya. Malam kuwa ya sani sarai. Ya dai ga bai iya kwana da maganar Ardo a ransa ba, kuma bai iya buɗe baki ya ce kyautarmu ba ta yi masa ba.

Na gaya wa Tajuddeen. Ya ce aikin yini guda ne a sa tsohuwar manhajar ta yi aiki a cikin sabuwar na'ura, a samo mahaɗin da zai karɓi kibod ɗin. Yini guda, jama'a. Abin da ya rage kawai shi ne wani ya zauna ya tambaye shi, kuma ba wanda ya tambaya.

Saboda haka ina da roƙo biyu. Na ɗaya, akwai sauran irin Malam a cikinmu. Ga Malam Abubakar Sadiƙ na Tsafe can a sahun gaba, har gobe da tasa tsohuwar yake aiki, kuma na ji ana raɗe-raɗin a yi masa irin gatan da muka yi. Don Allah ku bar masa abinsa. In kuna son taimaka masa, ku je ku zauna, ku tambaye shi me yake bukata, kuma ku jira har ya gama kunya ya faɗa.

Na biyu, wasu sun ce mu haɗu mu ƙarasa littafin da hannunmu. Ina roƙon kada a yi. Ba mu zauna da Ardo Umar ba, ba mu ji abin da ya ce ba. A buga babi goma sha ɗaya yadda suke, a rubuta lambobin ukun ƙarshe, a bar shafukan fari, don duk wanda ya buɗe ya san an rubuta su, mu ne ba mu bar wurin da za su sauka ba.

Hajiya, a gaban jama'a na miƙa kyautar nan, a gaban jama'a nake neman gafararki. Shi kuwa na makara.

Allah ya jiƙan Malam Tambaya, ya haskaka kabarinsa, ya mayar masa da ganinsa a gidan da ya fi wannan. Allah ya jiƙan Ardo Umar da sauran dattawan da suka ba shi labari. Allah ya ba iyalansa haƙuri, ya zaunar da ƙauyukanmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.