Ƙafar Masaƙi a Kan Kuloci

Assalamu alaikum, Malam mai karanta wasiƙu. Da ajami na rubuto daga Haɗejia, a yi haƙuri da hannuna.

Taubashina Bukar masaƙi ne kafin ya zama direban tsohuwar jif ɗin wani mai sayen fatu. Kwanaki a yashin hanyar Auyo motar ta fara gurnani ba ta tafiya, ga ƙauri kamar ana babbakar kan rago. Ni kuma don tsokana na ɗaura gwangwani da tsakuwa a ƙarƙashinta, na ce masa aljanun fadama ne. Ashe wasan zai yi tsami, don maigidan ya rantse zai kore shi idan injin ya lalace.

Muka kai motar wurin Malam Garba makanike, tsohon soja. Ya ɗora sanda a kan injin, ya kanga kunnensa, ya ce lafiya lau yake. Ya ciro gwangwanina ya harare ni. Sannan ya ce Bukar ya ja mu gani. Ba mu yi nisa ba ya daka masa tsawa: "Kai, zane kake saƙawa? Ɗauke ƙafarka daga kuloci!" Ashe ƙafar ba ta hutawa, tana ta taka kulocin kamar yana kan masaƙa har ya cinye.

An sa sabo, Bukar yana nan kan aikinsa, alhamdu lillahi. Yanzu shawara nake nema wajen direbobi: ɗaure ƙafar za mu yi, ko a samo masa direban da zai riƙe masa ita?

A gaida Bukar, sarkin saƙa a mota.

Naku, Ɗanlami.